Lambar π: Tarihinta, Hanyoyin Lissafa Ta da Dalilin Farin Jininta

Gabatarwa

Duk abin da yake da siffar da'ira, daga faifai da bakin rijiya har ƙafar mota, yana bin ƙa'ida guda. Idan aka auna kewayensa da zare, aka kuma auna faɗinsa daga baki zuwa baki ta tsakiya, za a tarar kewayen ya ninka faɗin sau uku da 'yar ɗoriya, komai girman da'irar ko ƙanƙantarta. Wannan uku da ɗoriya shi masana lissafi suke rubutawa da harafin Girkanci π, wanda ake furtawa "pai", ƙimarsa kuma ta fara da 3.14159. A makarantun Nijeriya an fi sabawa da 22/7, har ɗalibai da dama sukan gama sakandare suna ɗauka cewa ita ce π ɗin kanta. Alhali 22/7 tana ba da 3.1428, wato tun a gurbi na uku bayan ɗigo suka raba gari. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda aka yi ta kusantar wannan lamba, tare da nuna cewa babban abin da aka amfana da shi a tafiyar shi ne sanin iyakar kuskure.

Ƙiyasin Mutanen Da

Magina da masu awon gona ne suka fara buƙatar wannan lamba. Mutanen Babila sun yi amfani da 3, wani allonsu kuma ya nuna 3.125. A Masar, takardar da magatakarda Ahmes ya kwafa fiye da shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta kawo wata dabara: a rage kashi ɗaya cikin tara na faɗin da'ira, a ninka abin da ya rage da kansa, a samu girman filinta. Wannan daidai yake da ɗaukar π a matsayin 3.16. Ƙiyasin ya wadatar wajen gina rumbu, sai dai mai amfani da shi ba shi da hanyar sanin nisan da ke tsakaninsa da gaskiya.

Dabarar Arkimidis

Arkimidis, masanin Girka da ya rayu a birnin Sirakus na tsibirin Sisili a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya toshe wannan giɓi. Ya zana siffa mai gefe 6 daidai-wa-daida a cikin da'ira, ya zana wata irinta a wajenta. Kewayen ta ciki bai kai na da'irar ba, na ta waje kuwa ya zarce shi, don haka gaskiya tana tsakani. Sai ya riƙa ninka gefunan, daga 6 zuwa 12, 24, 48, har 96, ratar tana ta tsukewa. A ƙarshe ya tabbatar da cewa π ta fi 223/71, ba ta kuma kai 22/7 ba. Ashe 22/7 da ake koyarwa a aji iyaka ce ta sama da Arkimidis ya kafa, yana sane da cewa ta ɗara π.

Wannan hanya ta yi kusan shekara 1,800 tana jan zarenta. A ƙasar Sin, Liu Hui ya yi aiki da irinta a shekarar 263, sannan a ƙarni na 5 Zu Chongzhi ya nuna π tana tsakanin 3.1415926 da 3.1415927, ya kuma kawo 355/113, wadda ta dace har gurbi shida. A Indiya, Aryabhata ya ba da 3.1416 a shekarar 499, ƙimar da Al-Khawarizmi ya ambata a littafinsa na aljabara a Bagadaza a ƙarni na 9. A Samarƙand, a 1424, Jamshid al-Kashi ya lissafa kewayen siffa mai gefe 805,306,368, ya samu gurbi 16. Tun kafin ya fara ya ƙayyade burinsa: a iya lissafa kewayen sararin samaniya, gwargwadon girman da aka ɗauka a zamaninsa, ba tare da kuskuren ya kai kaurin gashin doki ba. An yi sama da shekara 150 ba a wuce shi ba, sai da Ludolph van Ceulen, wanda ya rasu a 1610, ya kai gurbi 35, aka zana su a kan kabarinsa a birnin Leiden na ƙasar Holan.

Daga Zane Zuwa Jerin Lambobi

Sabuwar hanya ta ɓullo daga Kerala a kudancin Indiya, inda ake danganta wa Madhava, masanin ƙarni na 14, gano cewa ana iya samun π ta tarawa da ɗebewa marasa iyaka: a ɗauki 1, a ɗebe 1/3, a ƙara 1/5, a ɗebe 1/7, a ci gaba haka, sannan a ninka da 4. Leibniz ya sake gano wannan jeri a Turai a ƙarni na 17. Jerin yana da nawa ƙwarai, amma daga gare shi aka samo wasu masu sauri. Harafin π kansa William Jones ne ya yi amfani da shi a wannan ma'ana a 1706, rubuce-rubucen Leonhard Euler suka yaɗa shi.

Yawan lambobi kaɗai ba ya zama hujja. William Shanks na Ingila ya shafe shekaru yana lissafi da hannu, ya fitar da gurbi 707 a 1873. Sai bayan shekara 70 da ɗoriya D. F. Ferguson ya gano cewa ya kauce a gurbi na 528, duk abin da ya biyo baya kuma ya tashi a banza.

Lambar da Ba Ta Ƙarewa

A 1761 Johann Lambert ya tabbatar da cewa babu wasu cikakkun lambobi biyu da za a raba ɗaya da ɗaya a samu π cif. Ma'ana, lambobinta ba su da ƙarshe, ba su kuma komawa su yi ta maimaita zubi ɗaya. A 1882 Bajamushe Ferdinand von Lindemann ya ƙara da hujjar da ta kashe tsohuwar matsalar Girkawa: ba zai yiwu a zana murabba'i mai fili daidai da na da'ira ba, muddin da rula da kamfas kaɗai za a yi aikin.

Duk da haka ba a daina bin ta ba. Kwamfutar ENIAC ta fitar da gurbi 2,037 a 1949 cikin kimanin awa 70. A 2022 Emma Haruka Iwao ta kamfanin Google ta kai gurbi tiriliyan 100. Aikin yau da kullum bai buƙatar ko kusa da haka, domin injiniyoyin hukumar NASA da gurbi 15 suke sarrafa kumbunansu. Amfanin irin wannan tsere shi ne gwada ƙarfin na'ura da ingancin hanyoyin lissafi, kuma akan tantance sakamakon ta wata hanya dabam kafin a karɓe shi.

Farin Jininta

Abin da ke jan hankalin jama'a shi ne yadda tambayar da yaro zai gane ta haifi amsar da ba ta da ƙarshe. Masu hadda suna gasa a kanta, kamar Rajveer Meena na Indiya da ya karanto gurbi 70,000 da ka a 2015. Amurkawa, waɗanda suke fara rubuta wata kafin rana, sun ga 3/14 a ranar 14 ga Maris, inda Larry Shaw ya fara bikinta a birnin San Faransisko a 1988. A 2019 hukumar UNESCO ta ayyana ranar a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya.

Kammalawa

Masar, Girka, Sin, Indiya, ƙasashen Musulmi da Turai duk sun sa hannu a wannan aiki, kowa ya ɗora daga inda iliminsa ya kai. Waɗanda aikinsu ya ɗore su ne waɗanda suka faɗi ƙimar da suka samu tare da iyakar kuskurenta. Saboda haka ya kyautu malamin da zai rubuta 22/7 a allo ya gaya wa ɗalibansa cewa kusantarwa ce, ta kuma ɗara π da kimanin 0.0013.