Yadda Ake Hana Rula Zamewa Wajen Yankan Ƙyallayen Haɗi

Ɗinkin haɗi shi ne a yanka ƙyallaye masu launi daban-daban a kan awo ɗaya, galibi murabba'i, a jera su a ɗinke har su zama zanin gado ko rigar matashi ko mayafin rufa. A Sandamu, kamar sauran garuruwan masarautar Daura, ragowar atamfa da shadda da yadi kan taru a shagunan teloli bayan kowace sallah, kuma wannan ɗinki hanya ce ta mayar da su kuɗi. Sai dai kyan aikin yana rataye ne ga abu guda tun kafin a hau keke: rula ta tsaya daram lokacin da ake zana layi ko ake yanka.

Haɗa ƙyallaye a cusa auduga a bi da ɗinki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Haka ake yin lifidi, wanda tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da shi fagen yaƙi, kuma har yau 'yan lifidi suna fitowa a hawan sallar Daura. Amma lifidi kauri ake nema gare shi, yana iya ɓoye ɗan karkacewa. Zanin gado kuwa a shimfiɗe yake a idon kowa, duk kusurwar da ta saɓa sai an gan ta.

Lissafin a fili yake. Idan kowane ƙyalle ya rage milimita 2 daga awonsa, layi mai ƙyallaye 10 zai gajarce da santimita 2. In aka zo haɗa shi da layin da awonsa ya cika, dole a ja ɗaya a tattare ɗaya, daga nan zani ya cukurkuɗe, guga ba ta miƙe shi. Masu wannan sana'a a duniya sukan bar rubu'in inci, wato kusan milimita 6, a matsayin wurin ɗinki, don haka kuskuren milimita 2 ya riga ya ci kashi ɗaya cikin uku na wannan tanadi.

Dalilin zamewar rula batu ne na gogayya tsakanin abubuwa biyu. A 1699 masanin Faransa Guillaume Amontons ya bayyana cewa ƙarfin da ke hana abu zamewa yana ƙaruwa gwargwadon nauyin da aka danna shi da shi, kuma bai dogara ga faɗinsa ba. Ke nan abu biyu ke riƙe rula: dannawar hannu da irin fuskokin da suka haɗu. Rular roba mai garai-garai sumul take, shadda mai maiƙo ita ma sumul, shi ya sa suke zamewa da sauri fiye da rular katako a kan atamfa. Akwai kuma juyawa. In hannu yana gindin rula mai tsawon santimita 60, alli ko reza yana can ƙarshenta, ɗan turi kaɗan ya isa ya karkata ta kamar ƙyauren ƙofa a kan maƙalinsa.

Gyara yana farawa daga ƙyallen. A goge shi ya kwanta, domin lanƙwasa tana ɗaga rula ta rage riƙo. Ɗan sitaci yana sa yadi mai laushi ya tsaya. A jera gefen rula da tafiyar zare, na tsaye ko na kwance, saboda ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa da an ja shi. Tebur ya zama mai ƙarfi marar girgiza, tsayinsa kusa da ƙugu, don nauyin kafaɗa ya sauka kan hannu. Lokacin hunturu a riƙa share teburin da bayan rular, gama ƙura da garin alli suna ƙara santsi.

Sai bayan rular. Ana manna ƙananan gutsattsarin samfefa mai laushi a kusurwoyi huɗu da tsakiya, ko filastar ɗaure ciwo, ko siririyar robar tsohon tiyub. Sharaɗin shi ne abin ya zama siriri kuma daidai ko'ina. In ya yi kauri rula za ta tashi daga ƙyalle, alli ya shige ƙarƙashinta. Ga shadda da leshi filasta ta fi dacewa, don samfefa na iya ƙarce su. Dutsen guga mai sanyi ko ƙaramin buhun yashi a ƙarshen rular yana hana ta juyawa.

Riƙon hannu ya fi duk waɗannan muhimmanci. Ana buɗe yatsu a dasa kawunansu a kan rula, a sauke ƙaramin yatsa a kan tebur a jikin gefen da ba a yanka, ya zama turke. Ana yanka daidai tsawon hannun kawai, sai a tsaya ba tare da an ɗaga abin yankan ba, a matsa da yatsu gaba, a sake dannawa, sannan a ci gaba. Ido ya kasance bisa layin kai tsaye, domin duban gefe ta rula mai kauri yana nuna layi a inda ba ya nan. Yanka yana tafiya ne daga jiki zuwa gaba, yatsu kuma nesa da bakin rula.

Mai aiki da alli da almakashi ya fere allin ko guntun busasshen sabulu ya yi baki siriri, ya yanka a gefe ɗaya na layin a kowane ƙyalle. Akwai kuma wuƙa mai taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, wadda ake gangarawa a jikin rula bisa faifan roba na musamman. Ko ita ko reza, kaifi wajibi ne: dakusasshen baki yana sa a ƙara ƙarfi, ƙarfin kuma yana ture rula gefe. Tara ƙyallaye da yawa a yanka lokaci guda yana jawo na ƙasa su gudu.

Bayan an ɗinke kowane murabba'i ana sake daidaita shi. A goge, a yanke gefe biyu masu haɗuwa, a juya ƙyallen, a ɗora awon a kan gefen da aka gyara, a yanke sauran biyun. Daga nan a auna da tef daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. In tsawon ya zo ɗaya kuma gefuna huɗu sun yi daidai, murabba'in ya cika. In ya bambanta, a gyara shi kafin a haɗa shi da sauran.