Motar lantarki ma tana buƙatar ƙaramin batir

A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna da cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu na lantarki. Makanikan Madawa da Buza da Keita a jihar Tawa ba za su rasa sha'awar wannan aiki ba, tunda rana ba ta yi musu rowa, ga kuma tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tana aiki tun 2018. Sai dai hankalin kowa yakan tafi kan babban batir, a manta da ƙaramin mai volt 12.

A motar fetur, dinamo ne ke caja ƙaramin batir, shi kuwa inji ke juya shi da bel. Ranar da aka sauke inji, dinamo ya tashi daga aiki. Amma fitilu da hon da waifa da sigina duk volt 12 suka sani, babban batir kuwa yana iya kai volt 72 ko 144, a motocin kamfani ma wajen 400. Abin da ke shiga tsakani wata na'ura ce mai suna DC-DC, wadda ke sauko da ƙarfin zuwa wajen volt 14, ta ciyar da kayan motar, ta caja ƙaramin batir. Shi ma batirin ba a jefar da shi, domin shi ke rufe makunnin da ke haɗa babban batir da injin lantarki. In ya mutu, mota ba ta tashi ko da babban a cike yake.

Akwai dabarar araha da nake roƙon makanikai su guje mata: jawo waya daga wani sashe na babban batir don samun volt 12. Sashen zai riga sauran ƙarewa, ya lalace da wuri, ya ja batirin duka, wanda shi ne mafi tsada a motar. Ga kuma haɗarin babbar wuta ta taɓa ƙarfen jikin mota, shi ya sa ake neman na'urar da ta raba layukan biyu, kowane da fis ɗinsa.

Abin da ya fi damuna birki ne. Inji ne ke samar da zuƙar iskar da ke sa birki ya yi laushi a ƙafa. Bayan an sauke shi sai an sa famfon lantarki, shi ma volt 12 yake ci. Fitilun gaba biyu masu wat 55 kaɗai suna jan wajen amfiya 9. A ɗora famfon birki da na sitiyari, ƙaramar na'urar DC-DC ta gaza. Motar da ta ɗauko albasa daga Galma Kudawace da dare, in layin volt 12 ya faɗi, fitila da taimakon birki tare za su tafi.

Zafin Afrilu da Mayu a jihar Tawa yana wuce digiri 40, na'urar DC-DC kuwa in ta ɗau zafi rage wuta take yi. A sayi wadda ta fi buƙatar motar ƙarfi, a ɗaura ta inda iska ke ratsawa, a riƙa kakkaɓe mata ƙurar hunturu.