Diana Ross: Yadda Akwatin Talabijin Ya Fifita Ta Kan Ƙawayenta

Ran 14 ga watan Janairu, 1970, a wani otal da ake kira Frontier a birnin Las Vegas na ƙasar Amurka, Diana Ross ta yi waƙarta ta ƙarshe tare da ƙungiyar nan ta 'yan mata mawaƙa mai suna Supremes, sa'an nan ta gabatar wa 'yan kallo Jean Terrell wadda za ta maye gurbinta. A lokacin shekarunta 25 da haihuwa, ƙungiyar kuwa ta riga ta kai waƙoƙi 12 matsayi na ɗaya cikin jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka. 'Yan mata uku ne suka yi wannan suna tare, amma ɗaya kaɗai ta wuce ta zama tauraruwar silima da mai gabatar da shirye-shiryen talabijin. Dalilin haka kuwa ya fi danganta da abin da ido ya gani bisa ga abin da kunne ya ji.

An haifi Diana ran 26 ga watan Maris, 1944, a Detroit, birnin masana'antun motoci. Tana da shekara 14 iyayenta suka koma gidajen Brewster-Douglass, waɗanda hukuma ta gina domin masu ƙaramin ƙarfi. A 1959 ta shiga wata ƙungiya mai suna Primettes tare da Florence Ballard da Mary Wilson da Betty McGlown. Da suka je neman aiki a kamfanin faifai na Motown, mai kamfanin, Berry Gordy, ya ce su je su gama makaranta tukuna. Ba su daddara ba, kullum aka tashi daga makaranta sai su zarce can, suna yi wa manyan mawaƙa tafi da amshi, har dai aka ɗauke su a watan Janairu na 1961. Florence ce ta zaɓi sabon sunan, watau Supremes.

Shekara uku suka yi suna buga faifai ba ciniki, har ma'aikatan kamfanin suna yi musu ba'a. A wancan lokaci kowaccensu takan ja waƙa, kuma mutane da yawa sun shaida muryar Florence ta fi ƙarfi da kauri. Amma a ƙarshen 1963 Gordy ya yanke shawara Diana ce za ta riƙa ja, sauran biyu su yi amshi. Lissafinsa na kasuwa ne. Muryar Diana siririya ce mai taushi, irin wadda yake ganin za ta shiga gidajen rediyon Turawa ba tare da gardama ba. A watan Agusta na 1964 waƙarsu "Where Did Our Love Go" ta hau matsayi na ɗaya, huɗu kuma suka biyo ta a jere.

Gordy ya taɓa aiki a masana'antar motoci ta Ford, saboda haka ya tsara kamfaninsa yadda ake harhaɗa mota, kowane sashe da aikinsa. Akwai masu tsara waƙa, akwai Cholly Atkins mai koyar da rawa, akwai kuma wata dattijuwa, Maxine Powell, wadda ke koya wa 'yan matan tafiya da zama da magana da yadda ake fuskantar manyan mutane. Ranar da wannan horo ya yi amfani ita ce 27 ga watan Disamba, 1964, sa'ad da suka fara bayyana a shirin Ed Sullivan, wanda miliyoyin iyalai ke kallo kowace Lahadi da dare. Kusan wata shida ke nan kacal da sa hannu kan dokar da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a. Ganin 'yan mata uku baƙar fata cikin ado da natsuwa a akwatin talabijin babban abu ne a lokacin. Oprah Winfrey, wadda daga baya ta zama shahararriyar mai gabatar da shiri, ta sha faɗin cewa tana da shekara 10 ta kalli shirin nan, kuma ya sake mata tunani game da abin da za ta iya zama.

Sai dai na'urar ɗaukar hoto ba ta raba daidai. Fuskar mai jan waƙa take matsowa, Diana kuwa da manyan idanunta da murmushinta ta san yadda za ta cika akwatin, 'yan amshi suna can baya. Florence, wadda aka fara kafa ƙungiyar da ita, ta kasa jurewa. Ɓacin rai ya kai ta ga shan giya, ta fara fashin zuwa wasa, a 1967 aka sallame ta aka ɗauko Cindy Birdsong, aka kuma mai da sunan ƙungiyar Diana Ross and the Supremes. Florence ta gwada waƙa ita kaɗai a wani kamfani, abin bai karɓu ba. Ta rasa gidanta, ta koma karɓar taimakon hukuma domin ciyar da 'ya'yanta mata uku. Ciwon zuciya ya yi ajalinta ran 22 ga watan Fabrairu, 1976, tana da shekara 32.

Ita kuwa Diana, tun kafin ta bar ƙungiyar ake share mata hanya. A watan Disamba na 1968 gidan talabijin na NBC ya nuna wani shiri na musamman mai suna TCB, inda Supremes suka haɗu da ƙungiyar maza ta Temptations, kuma ita aka fi bai wa fili. A 1971 gidan talabijin na ABC ya ba ta shiri nata na kanta, ta karɓi baƙi irin su Bill Cosby da yaran nan na Jackson 5, ta yi waƙa, ta yi wasan ban dariya. A nan aka ga tana iya kwaikwayo, abin da Gordy ke so masu kamfanonin silima su gani ke nan.

Fim ɗinta na farko, Lady Sings the Blues, ya fito a 1972. Labarin Billie Holiday ne, mawaƙiyar da miyagun ƙwayoyi da wariyar launin fata suka ɗaiɗaita rayuwarta har ta rasu a 1959 tana da shekara 44. Kafin fim ɗin ya fito mutane da yawa sun yi tababa, suna ganin 'yar gayun Motown ba za ta iya ɗaukar wannan kaya ba. Ta ba su mamaki, gama ta ajiye ado ta fito a wulaƙance, cikin kurkuku da gidan jinya, har aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Oscar ta gwanar 'yan wasa mata. A shekarar nan Cicely Tyson ma ta shiga takarar, kafin su kuwa Dorothy Dandridge kaɗai ce baƙar mace da ta taɓa kai wannan matsayi. A bikin 1973 Liza Minnelli ce ta ci. Baƙar mace ba ta ɗauki wannan lamba ba sai a 2002, lokacin da Halle Berry ta same ta.

A 1975 ta fito a Mahogany, labarin wata yarinya mai tsara tufafi, kuma ita da kanta ta tsara kayan da ta sa, domin ɗinki da zanen tufafi ta koya a makarantar Cass Technical. Masu sharhi sun kushe fim ɗin, amma jama'a sun cika gidajen silima. Na uku, The Wiz, na 1978, shi ya zama sanadin tsayawarta. Labarin asali na ƙaramar yarinya ne, sai aka mai da shi na malamar makaranta mai shekara 24 don ya dace da Diana, wadda ta haura 30. An kashe kimanin dala miliyan 24, ga Michael Jackson a ciki, amma kuɗin bai dawo ba. Kamfanonin Hollywood suka kafa hujja da wannan hasara suka janye hannu daga manyan fina-finan baƙar fata na shekaru da dama. Diana ba ta sake jan wani fim na gidan silima ba, sai na talabijin guda biyu, a 1994 da 1999.

Da ƙofar silima ta rufe, ta talabijin ba ta rufe ba. Tun a 1974 ta kasance cikin mutum huɗu da suka gabatar da bikin Oscar, baƙar mace ta farko da ta yi haka. A 1981 ta bar Motown ta koma kamfanin RCA kan dala miliyan 20, ta riƙa shirya wasanninta da kanta. A 1986 da 1987 ita ta gabatar da bikin lambobin yabo na American Music Awards. Amma ranar da aka fi ganin gwanintarta ta riƙe jama'a ita ce 21 ga watan Yuli, 1983, a dandalin Central Park na birnin New York, inda dubun dubatan mutane suka taru, ana kuma watsa wasan kai tsaye. Hadari ya taso da iska da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ta tsaya kan dandamali a jiƙe sharkaf tana lallashin mutane su fita a hankali kada a tattake juna, ta yi musu alkawarin dawowa, washegari kuwa ta dawo ta yi wasan.

A 2016 Shugaba Barack Obama ya rataya mata lambar girmamawa mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula. Mary Wilson ta rasu a watan Fabrairu na 2021. A 2023 hukumar da ke ba da lambar Grammy ta karrama Supremes saboda aikin da suka yi a rayuwarsu, aka ambaci sunayen ukun tare, Diana Ross da Mary Wilson da Florence Ballard, shekara 47 bayan rasuwar Florence.