Kafa Kamfani A Ƙasar Waje Daga Nesa: Abin Da Takardar Rajista Ke Bayarwa Da Abin Da Ke Biyo Bayanta

A 'yan shekarun nan an sami wani sabon rukuni na ma'aikata waɗanda ba su da ofis in ban da na'ura mai ƙwaƙwalwa da suke ɗauke da ita a cikin jaka. Cikinsu akwai masu tsara manhajar kwamfuta, da masu zane, da masu fassara, da masu bai wa kamfanoni shawara. Aikinsu yana tafiya ne ta hanyar intanet, masu biyansu suna wata nahiya, su kuma sukan yi wata uku a wannan ƙasa, wata shida a waccan. Ana iya kiransu 'yan ci-ranin intanet, sai dai su kam ba neman aiki ke sa su tafiya ba, da aikinsu suke tafiya.

Da yawa daga cikinsu, har da matasan Nijeriya da ke yi wa ƙasashen waje aiki daga Legas, Abuja ko Kano, sukan kai wani matsayi da za su ga ya zama dole su yi rajistar kamfani a Amurka, Ingila ko Istoniya, ko da kuwa ba su taɓa taka ƙafa a can ba. Dokokin waɗannan ƙasashe sun yarda da hakan, kuma rajistar ba ta da wuya. Wahalar tana cikin abin da ke biyo baya, domin takardar rajista kamfani kaɗai take yi wa gida. Mai kamfanin yana nan inda yake zaune, kuma hukumar harajin wurin ba ta manta da shi ba.

Ma'anar iyakantaccen alhaki

Kamfani mai iyakantaccen alhaki shi ne wanda doka ta ɗauke shi tamkar mutum mai zaman kansa, dabam da wanda ya kafa shi. Yana iya mallakar dukiya, ya ci bashi, ya kai ƙara, a kuma kai shi ƙara. Idan ya karye, abin da mai shi zai yi asara bai wuce jarin da ya zuba ba, masu bin bashi ba za su taɓa gidansa ko gonarsa ba. Majalisar dokokin Birtaniya ta kafa dokar da ta ba da wannan kariya a shekarar 1855, sannan a shekarar 1896 kotun ƙoli ta ƙasar a wancan zamani ta tabbatar da ita a shari'ar Aron Salomon, wani mai sana'ar takalma a birnin Landan, inda ta yanke hukuncin cewa bashin kamfaninsa ba bashinsa ba ne, duk da cewa kusan dukkan hannun jarin nasa ne.

Sai dai wannan kariya tana da iyaka. Wanda ya sa hannu ya tsaya wa kamfaninsa a wajen cin bashi, to, bashin ya hau kansa. Wanda ya yi zamba ko ganganci a cikin aikinsa, shi ne zai amsa. Haka kuma wanda ya riƙa cakuɗa kuɗin cefanensa da na kamfani a asusu ɗaya ya bai wa kotu hujjar ɗaukarsu abu guda. Wannan batu na ƙarshe shi ya fi shafar mai kamfani shi kaɗai, wanda shi ne darakta, shi ne akawu, shi ne kuma ma'aikaci.

Dalilin zuwa waje

Babban abin da ke jan mutane zuwa rajista a ƙasashen waje shi ne hanyar karɓar kuɗi. Manyan kamfanonin da ke karɓar kuɗi ta katin banki a madadin 'yan kasuwa suna hulɗa ne da kamfanonin wasu ƙasashe ƙayyadaddu, kuma masu ba da kwangila a Turai da Amurka sun fi sakin jiki da biyan kamfanin da ke ƙarƙashin dokar da suka sani. Ganin haka ne kamfanin Stripe ya ɓullo da wani shiri mai suna Atlas a shekarar 2016 domin yi wa baƙi rajista a jihar Delawa. Bugu da ƙari, ajiye kuɗin shiga a dala ko fam yana kare mai aiki daga faɗuwar darajar kuɗin ƙasarsa, abin da 'yan Nijeriya suka ɗanɗana bayan an saki kasuwar canji a watan Yunin 2023.

Amurka

A Amurka jihohi ke yin rajistar kamfanoni, gwamnatin tarayya kuma ta karɓi harajinta. Nau'in da baƙi suka fi nema shi ne wanda ake kira LLC, wanda jihar Wayomin ta fara kafa dokarsa a shekarar 1977, jihar Delawa ta bi sahu a shekarar 1992. Ba a buƙatar mai nema ya zama ɗan ƙasa ko mazauni. Abin da ake buƙata shi ne wakili mai rajista wanda ke da adireshi a cikin jihar, domin ya riƙa karɓar sammaci da takardun hukuma, kuma ana biyansa kowace shekara. A shekarar 2024 kuɗin rajista a Wayomin dala 100 ne, na sabuntawa kuma ya fara daga dala 60 a shekara, yayin da Delawa ke karɓar dala 300 a ranar 1 ga watan Yuni. Bayan rajista sai a nemi lambar haraji ta kamfani daga hukumar harajin tarayya ta IRS da fom mai lamba SS-4, domin galibin bankuna ba sa buɗe asusu ba tare da ita ba.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi farin jini shi ne yadda hukumar ke kallon kamfanin LLC mai mutum ɗaya. A wajen haraji ba ta raba shi da mai shi, tana ɗaukar ribar a matsayin kuɗin shigar mutumin. Baƙon da ba ya zaune a Amurka kuwa ana karɓar haraji ne a kan abin da ya samu daga kasuwancin da yake gudanarwa a cikin ƙasar, kuma a bisa ƙa'ida ladan aiki yana bin wurin da aka zauna aka yi aikin. Saboda haka wanda ke aikinsa daga wata ƙasa, ba shi da ofis ko ma'aikata a Amurka, sau da yawa ba ya biyan gwamnatin tarayya harajin kuɗin shiga.

A nan ne mutane da dama ke faɗawa rami, domin rashin biyan haraji bai ɗauke wajibcin kai rahoto ba. Tun daga shekarar haraji ta 2017, duk kamfanin LLC mai mutum ɗaya wanda baƙo ya mallaka, tilas ne ya miƙa fom mai lamba 5472 haɗe da fom 1120, yana bayyana kuɗin da ya shiga ko ya fita tsakaninsa da mai shi, har da jarin farko. Ga mafi yawan kamfanoni wa'adin shi ne ranar 15 ga watan Afrilu. Tarar rashin miƙawa dala 25,000 ce, ko da kamfanin bai ci ribar sisin kwabo ba. Wato kamfanin da aka kafa da dala 100 yana iya jawo wa mai shi tarar da ta ninka kuɗin rajistar sau 250.

Har ila yau dokokin suna canzawa. A ranar 1 ga watan Janairun 2024 aka fara tilasta wa ƙananan kamfanoni bayyana ainihin masu su ga hukumar FinCEN mai yaƙi da laifuffukan kuɗi, amma a watan Maris na 2025 hukumar ta cire kamfanonin da aka kafa a cikin Amurka daga wannan wajibi.

Ingila da Istoniya

A Birtaniya ofishin rajistar kamfanoni yana karɓar takardu ta intanet, kuma darakta yana iya zama ɗan kowace ƙasa, muddin kamfanin yana da adireshi na haƙiƙa a cikin ƙasar. Sauƙin rajistar ya sa 'yan damfara sun yi amfani da shi, lamarin da ya kai ga kafa sabuwar doka a shekarar 2023. A sanadiyyar haka aka ƙara kuɗin rajista daga fam 12 zuwa fam 50 a watan Mayun 2024, sannan daga ranar 18 ga watan Nuwamban 2025 aka wajabta wa daraktoci tantance ko su wane ne. Saɓanin LLC, kamfanin Birtaniya yana biyan harajin kansa a duk inda mai shi yake. Daga watan Afrilun 2023 an ƙayyade kashi 19 cikin 100 a kan ribar da ba ta wuce fam 50,000 ba, yana hawa har zuwa kashi 25 cikin 100 ga wadda ta haura fam 250,000. Sunayen daraktoci da lissafin shekara kuma a fili suke, kowa yana iya dubawa.

Ita kuwa Istoniya, ƙaramar ƙasa a arewa maso gabashin Turai, ta fito da wani shiri a watan Disambar 2014 inda take bai wa baƙi katin shaida na lantarki da za su kafa kamfani, su sa hannu a takardu, su kai rahoton haraji daga ko'ina a duniya. A watan Fabrairun 2023 ta soke sharaɗin jarin farko na yuro 2,500. Tun shekarar 2000 ƙasar ba ta karɓar haraji a kan ribar da aka bari a cikin kamfani, sai ranar da aka raba ta ga masu hannun jari, kuma a shekarar 2025 harajin rabon ya tashi daga kashi 20 zuwa kashi 22 cikin 100. Gwamnatin ƙasar da kanta tana nanata cewa katin ba izinin zama ba ne, bai kuma mai da mai riƙe da shi mazaunin Istoniya a wajen haraji ba.

Haraji yana bin mutum

Wannan gargaɗi ya shafi dukkan ƙasashen uku. Mafi yawan ƙasashen duniya suna karɓar haraji daga mazaunansu a kan duk abin da suka samu, ciki da waje, kuma ma'aunin da aka fi sani shi ne kwana 183 a cikin wata goma sha biyu. Amma ba kwanaki kaɗai ake ƙirgawa ba. Ana duba inda gidan mutum yake, inda iyalinsa suke da inda harkokinsa suka fi ƙarfi. Don haka ɗan ci-ranin intanet da ke tsammanin yawo ya raba shi da kowace hukuma, galibi yana nan a littafin ƙasar da ya baro.

A Nijeriya, sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga watan Janairun 2026, ta fayyace cewa mazaunin ƙasa zai biya haraji a kan kuɗin shigarsa daga ko'ina suka fito. Ta kuma ɗauki kamfanin da ake sarrafa ragamarsa daga Nijeriya a matsayin kamfanin Nijeriya, ko da a wata ƙasa aka yi masa rajista. A ɗauki misalin mai tsara manhaja da ke zaune a Abuja, ya kafa LLC a Wayomin, yana yi wa wani kamfanin Jamus aiki. Mai yiwuwa Amurka ba za ta karɓi ko kwabo daga gare shi ba, amma za ta jira fom ɗinta kowane watan Afrilu, jihar Wayomin da wakilinsa za su jira kuɗinsu, ita kuwa Nijeriya za ta nemi harajin ribar, tunda a Abuja aka yi aikin, a Abuja kuma ake yanke shawara. Idan aka sami saɓani, babu yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu tsakanin Nijeriya da Amurka, kodayake akwai irinta tsakanin Nijeriya da Birtaniya tun shekarar 1987.

Ɓoye asusu ma ya yi wuya. Ƙungiyar OECD ta fito da tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin hukumomin haraji a shekarar 2014, kuma Nijeriya, Birtaniya da Istoniya duk suna ciki. Amurka ba ta shiga ba, tana aiki da dokarta ta FATCA ta shekarar 2010, amma kuɗin da ya baro can ya shigo bankin gida yana barin sawunsa.

Banki da biza

Akwai wasu abubuwa biyu da takardar rajista ba ta tabbatarwa. Na farko shi ne asusun banki. Bankuna suna duba fasfo da adireshin mai kamfani fiye da adireshin kamfanin. Lokacin da hukumar FATF mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake yi wa sa ido na musamman a watan Fabrairun 2023, an sami cibiyoyin kuɗi na waje da suka rufe asusun kamfanonin da masu su ke zaune a Nijeriya. An cire ƙasar daga jerin a watan Oktoban 2025, amma kowane banki yana da ikon zaɓen wanda zai yi hulɗa da shi. Na biyu shi ne izinin shiga ƙasa. Mallakar kamfani a Amurka ko Ingila ba ya bai wa mutum biza. Izinin zama na masu aiki daga nesa abu ne dabam, kamar wanda Istoniya da Babados suka fara bayarwa a shekarar 2020, Fotugal a 2022, Sifen kuma a 2023, kuma kowanne yana da sharaɗin mafi ƙarancin kuɗin shiga.

Lissafin da ya kamata a yi

Bisa ga waɗannan bayanai, kuɗin rajista shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da za a kashe. Lissafin gaskiya ya haɗa da kuɗin wakili, na sabuntawa, na akanta a ƙasashe biyu, da kuɗin rufe kamfanin idan harka ta tsaya, domin kamfanin da aka yi watsi da shi ba tare da an rufe shi a hukumance ba yana iya ci gaba da tara tara. Ya kuma dace a tuna cewa tun bayan dokar kamfanoni ta shekarar 2020, mutum ɗaya yana iya yin rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Nijeriya, ya kuma buɗe asusun kuɗin waje a bankin gida. Ga wanda masu ba shi aiki suka yarda su biya ta wannan hanya, buƙatar zuwa waje ta ragu ƙwarai.

Wanda kuwa kasuwancinsa ya kai matsayin da babu makawa sai kamfanin waje, abin da ya fi masa shi ne ya fara tantance ƙasar da doka ta ɗauke shi mazauninta, ya zauna da ƙwararren akanta da ya san dokokin ɓangarorin biyu kafin ya biya kuɗin rajista, ya ware asusun kamfani dabam da nasa, sannan ya rubuta ranakun wa'adi na kowace hukuma a inda idonsa zai riƙa gani kullum.