Yaro Mafarauci In Ya Yi Kisa Bisa Kuskure: Mene Ne Hukuncinsa?

Idan kaka ta wuce, ciyawa ta bushe, sai farauta ta tashi. A wannan lokaci ne akan kawo wa Hakimai labari, yaro ya ga motsi cikin duhuwa, ya harba yana tsammanin gada ce, ashe mutum ne. Dangin mamaci sukan ce, tun da ya ɗauki makamin manya, to, a yi masa hukuncin manya. Shari'ar Musulunci da dokar Gwamnati duka ba su tafi a kan haka ba.

A mazhabar Malikiyya babu kisasi a kan wanda bai balaga ba. Littafin Risala ya nuna ko gangancin yaro ana lissafa shi kuskure ne. Amma fa jinin ba ya tafiya a banza. Diyya tana hawa kan dangin yaron na wajen uba, watau raƙuma 100 ko dinari 1,000, a biya cikin shekara 3.

Dokar laifuffuka ta Arewa kuwa, wadda ake kira Final Kod, an kafa ta a 1959, ta fara aiki a 1960. Sashe na 50 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba, ba a kama shi da laifi. Wanda ke tsakanin 7 da 12, sai alƙali ya tabbata hankalinsa ya kai ya san ƙarshen abin da ya aikata. Sashe na 48 ya kuɓutar da wanda tsautsayi ya auka wa, muddin aikin halal yake yi, ya kuma kula iyakar kulawa. Wanda ya harba bai tantance abin da ke gabansa ba, sakaci ya yi, kuma sakaci laifi ne. Duk da haka Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yanke hukuncin kisa a kan wanda bai kai 18 ba, a jihohin da suka karɓe ta.

Sauran tambaya ɗaya: wa ya miƙa wa yaron bindiga? Dokar bindigogi ta 1959 ta hana ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko da ta adaka ce. Saboda haka babban da ya sake masa ita, shi ma yana da amsar bayarwa.

In irin wannan ta faru, Hakimi ba mai yanke hukunci ba ne. Aikinsa shi ne ya tsare yaron daga masu ramuwa, ya sanar da 'yan sanda nan da nan. Malaminsa kuma ya rubuta shekarun yaron, da mai bindigar, da sunayen shaidu tun ba a manta ba, gama a kan waɗannan shari'ar za ta tsaya. Kafin a fita farauta kuwa, a gargaɗi Sarkin Baka kada ya bar yaro ya riƙe bindiga. Rigakafi ya fi magani.