Daga Kano Zuwa Jidda: Nisa Yana Nan, Lokaci Ne Ke Sauyawa

Tsakanin Kano da Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400 idan aka miƙe ta sararin samaniya. A lokacin zaman lafiya, jirgin da ya tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano yakan ci wannan tazara cikin sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Da yake agogon Saudiyya ya riga namu da sa'o'i biyu, wanda ya tashi da ƙarfe goma na safe zai sauka wajen ƙarfe biyar na yamma a lissafinsu.

Wannan miƙaƙƙiyar hanya ta ratsa saman Chadi da Sudan ne kafin ta tsallake Bahar Maliya. Ita ce kuwa hanyar da kakanninmu suka bi a ƙasa: daga Kano zuwa Maiduguri, su shiga Chadi, su bi ta Abeshe da Janaina da Fashir, har su kai Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa. Wasu sukan shafe shekaru a hanya, suna noma da ƙwadago don neman guzuri. Da yawa ba su dawo ba, suka zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, shaida ne kan wannan zumunci. Hatta jiragen sama na farko da suka sauka a Kano a 1925, daga Alƙahira suka taso, suka biyo ta Khartum.

A ranar 15 ga Afrilu, 2023, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Janar Hamdan Dagalo, aka rufe sararin samaniyar Sudan ana dab da fara jigilar alhazai. Dole jiragen suka riƙa yin zagaye, tafiya ta ƙaru da kimanin sa'o'i biyu, kamfanoni kuma suka nemi ƙarin kuɗi saboda mai da harajin ratsa samaniyar wasu ƙasashe. Jidda ba ta gusa ko taki ɗaya ba, amma ta yi wa maniyyaci nisa, a jikinsa da aljihunsa.

Abin da nake son mu lura da shi ke nan: taswira ce ke auna nisa, amma zaman lafiyar mutanen da ke ƙasa shi ke yanke tsawon tafiya. Na ji ana ta ƙorafi kan tsadar kujerar aikin Hajji, amma ban cika jin ana tambayar halin da 'yan'uwanmu Hausawa da Fulani mazauna Sudan suke ciki ba. Mu sa'o'i biyu muka yi asara. Su kuwa gidaje da gonaki da rayuka.

A ganina, bai kamata Nijeriya ta tsaya kan kwaso ɗalibanta kawai ba. Tana da murya a Tarayyar Afirka, ya wajaba ta yi amfani da ita wajen neman sulhu. Malamanmu da attajiranmu kuma su tuna da 'yan gudun hijirar da suka cika gabashin Chadi. Mutanen da suka shayar da kakanninmu ruwa a hanyar Makka suna da haƙƙi a kanmu. Allah Ya kawo musu ƙarshen wannan fitina.