Kalma guda, fuska huɗu: fam, laba, shinge da daka

A shirinmu na wannan mako mun tsaya a kan kalmar Turanci guda ɗaya, wato "pound". Duk wanda ya taɓa sauka a mahaɗar Anloga da ke Kumasi, kan hanyar Ankara, ya ji ta a bakin mahauci, a bakin mai canji, har da mai sakwara. Sai dai kowannensu abin da yake nufi daban.

Mu fara da kuɗi. Fam ɗin da kakanninmu suka sani ita ce wannan kalmar, harshenmu ne ya tanƙwara ta. A Ingila ta dā, ana auna azurfa mai nauyin "pound" ɗaya a buga kwabo 240 da ita, shi ya sa fam ya zama sule 20, kowane sule kwabo 12. Gana ta ajiye fam ta ɗauki sidi a 1965, a 1967 kuma aka sake lissafi, fam ɗaya ya koma sabon sidi biyu. Nijeriya ta bi sahu da naira a ranar 1 ga Janairu, 1973, ita ma naira biyu a fam. Takardar ta tafi, bakin kasuwa bai saki sunan ba. Ka ga dalilin da ya sa dattijo a kara zai ce jaka yana nufin fam ɗari, wato naira ɗari biyu, alhali a Maradi jaka sefa dubu ce. Shi kuma mai canji in ya ce "pound", kuɗin Ingila na yau yake nufi. To, kafin ku tafa hannu, ku faɗi sunan kuɗin ƙarara.

Nauyin da aka auna azurfar nan shi ne ma'ana ta biyu, kuma shi ne uwar ta farko. Ya fito daga harshen Latin na Rumawa, masu cewa "libra pondo", wato libra a ma'auni. Turawa suka riƙe kalma ta biyu a baki, ta farko a rubutu. Daga nan aka samu lb da kake gani a jikin sikeli, abin da muke kira laba, da kuma alamar £, wadda harafin L ce aka yi wa ado. Nan fa ake tafka asara. Laba ɗaya kusan giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Buhun da aka rubuta wa 100 lb kilo 45 ne da 'yan kai. Wanda ya saba da kilo a Nijar ko Burkina, ya zo Gana inda mahauta da yawa ke yanka nama da laba, in bai duba sikelin ba sai ya ɗauka an yi masa araha.

Ta uku ba ta da dangantaka da waɗannan ko kaɗan. Tsohuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin murƙushewa, ita ce dakan da ake yi a turmi. Wannan ba ta cin kuɗin kowa, sai dai ƙarfin damtse.

Makiyaya, ta huɗun taku ce. "Pound" shinge ne da hukuma ke tsare dabbar da aka kama tana yawo a gari ko ta faɗa gonar wani. Ita ma tushenta daban, 'yar'uwar kalmar "pond" ce, ruwan da aka tare ya zama tafki. In aka miƙo maka takarda ka ga "impounded", ba maganar fam ake ba, ba kuma nauyin saniyarka aka rubuta ba. Cewa ake dabbar tana hannun majalisar gunduma, sai an biya tara za a sake ta, kuma galibi kuɗin yana ƙaruwa da yawan kwanakin da ta yi. Ka nemi mai karatu a ranar, ka tafi da shaidar cewa taka ce, in ka biya kuma ka karɓi rasit.